Kada ka kai banatin nan wurin mai washi

Wani matashi tela, mazaunin Agege, ya aiko mini da hotuna uku da wannan tambaya: "Baba, na gaji wani ƙarfe mai tsini kamar ƙatuwar ƙusa daga kakana da ya yi soja, an ce mini banati ne, wato wuƙar da ake maƙalawa a bakin bindiga. Kwanan baya kuma na sayi wasu guda biyu a hannun ɗan gwangwan, ɗaya ƙotarsa ja-ja, ɗaya baƙa. Ya ce duk na AK ne, launi ne kawai ya raba su. Haka ne? Duk sun yi tsatsa, ba kaifi, in kai wa mai washi ya gyara? Ina sha'awar tara irin waɗannan, ta ina zan fara?"

Ɗana, da maganar washi zan fara, don ita ce ba ta jira. Kada ka kai su. Kada ka sa musu sanfefa, kada ka dirje su da toka ko yashi, kada ka bari kowa ya ɗora su a kan dutsen injin. Bar su yadda suke har ka gama karanta wannan.

Na yi shekaru ina aiki a ma'ajiyar makamai kafin in yi ritaya, amma duk da haka sai da na tafka wannan kuskuren da hannuna. Bayan mun dawo daga Laberiya, wani dattijo a Obalende wanda ya yi ɗan sanda tun zamanin Turawa ya ba ni dogon banatin Ingila, samfurin 1907, ruwansa inci 17. A gindin ruwan, dab da ƙota, akwai kambin sarauta, akwai 1907, a ƙasa akwai wata da shekarar da aka ƙera shi, sai sunan kamfanin. Tsatsa ta ɗan hau shi, ni kuma idona ya saba da ƙarfen fareti mai walƙiya. Na miƙa wa wani mai washi da ke zagaye unguwa da dutsensa na juyawa. Minti goma ba a yi ba ya dawo mini da shi yana sheƙi kamar wuƙar mahauci. Kambin ya tafi, shekarar ta tafi, sunan kamfanin saura haruffa biyu. Mutumin ba shi da laifi, abin da na sa shi ya yi. Banatin yana wurina har yau, kuma duk ranar da na ɗauko shi sai abin ya sosa mini rai. Dattijon ya rasu, Allah ya jiƙansa, rubutun da zai ba ni labarin ƙarfen kuma ni na sa aka share.

Rashin kaifin da ka gani ba lalacewa ba ce. Yawancin banati haka yake fitowa daga masana'anta, domin aikinsa suka ne, ba yanka ba. Duk mai tarawa da ya san abin da yake yi, kafin ya tambayi kuɗi bakin ruwan yake fara dubawa. In ya ga sawun dutse, darajar ta faɗi, ko da ƙarfen na asali ne.

Yanzu na kakanka. A wurina shi ne mafi daraja cikin ukun, duk da cewa shi ya fi kama da tarkace. Wannan banatin bindigar Lee-Enfield lamba 4 ne, wadda tsofaffinmu ke kira Mak 4, bindigar da sojan Najeriya ya riƙe kafin masu sarrafa kansu su zo, 'yan sanda kuma suka daɗe da ita bayan haka. Ingila ta yi shi ne a Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ake neman abu mai arha mai saurin ƙerawa. Shi ya sa ba shi da ƙota, ba shi da kaifi, tsinke ne kawai mai inci 8 da wani dunƙulen ƙarfe da ake zura wa bakin bindiga a murɗa ya kama. Mutane da yawa suna ganinsa su ce ai duk ɗaya ne, alhali iri huɗu ne. Na farko, Mk I, in ka kalli tsinin ta gaba za ka ga yana da kwarmi huɗu a tsawonsa, kamar gicciye. Kamfanin Singer ne ya yi shi a masana'antarsa ta Clydebank a Sikotland, wato kamfanin nan dai na keken ɗinki da kake takawa kullum, kuma guda 75,000 kacal ya yi. Na biyu, Mk II, tsinken zagayayye ne, bakinsa a fiƙe ta gefe biyu kamar sukundireba, kuma da tsinken da dunƙulen daga ƙarfe guda aka ƙera su. Shi ne ya fi yawa, an yi shi a Ingila, an yi a Long Branch ta Kanada, an yi a kamfanin Savage na Amurka. Akwai Mk II mai alamar tauraro, wanda aka yi tsinken daban, dunƙulen daban, sannan aka haɗa, in ka duba da kyau za ka ga layin haɗin. Na ƙarshe, Mk III, shi ne mafi muni a ido, dunƙulen nasa fallayen ƙarfe ne aka yi wa walda, aikin kamfanin Joseph Lucas na Birmingham a ƙarshen yaƙin. Saboda Mk I ya yi ƙaranci, akwai masu ɗaukar Mk II su fafe masa kwarmi huɗu su sayar a matsayin na Singer. Ana gane su ne ta rubutun gefen dunƙulen, da kuma kwarmin da ba ya tafiya sumul har zuwa tsini.

Ka ga abin da nake nufi. Ƙarfe huɗu, daga nesa duk ƙusa, amma kowanne yana gaya maka halin da Ingila ke ciki a shekarar da aka yi shi. Na farko an yi shi da natsuwa da ado, na ƙarshe an yi shi cikin matsi, ana tsimin ƙarfe da lokaci. Wannan karatun shi ne tarawa. In ba shi, ai ɗan gwangwan ma yana tara ƙarfe.

Sai biyun da ka saya. Mai sayarwa ya faɗi rabin gaskiya. Duk dangin AK ne, amma ba launi kaɗai ya raba su ba.

AK ta farko ba a ma yi mata wurin maƙala banati ba. Sai a shekarun 1950 Rashawa suka yi mata wanda suke kira 6Kh2, ruwansa santimita 20, mai kwarmi a tsakiya, ƙotarsa da kunnuwa biyu da ke rungumar bututun bindiga. Wannan wuƙar suka ce kawai, ba ta wani aiki bayan shi. Da AKM, sabon samfurin AK, ta fito a 1959 sai aka sauya tunani gaba ɗaya, aka ce soja ya fi buƙatar kayan aiki a ƙugunsa fiye da mashi. Aka rage ruwan zuwa kusan santimita 15, aka yi masa haƙoran zarto a baya, aka huda shi kusa da tsini. Wannan hujin shi ne sirrin. A ƙarshen kuben akwai wani ɗan maɓalli na ƙarfe, in ka zura shi cikin hujin sai wuƙa da kube su zama almakashin yanke waya. Wannan shi ne 6Kh3, masu tarawa suna ce masa iri na ɗaya. Alamarsa, gindin ƙotar dunƙulalle ne kamar kan tabarya, duk na bekalait, wata irin roba mai tauri, kubensa kuma na ƙarfe ne da rigar roba a jiki, don kada lantarki ya kama mai yanke waya.

Aka yi amfani da shi aka ga aibinsa. Soja ba ya ganin abu mai nauyi a hannunsa bai buga ƙusa da shi ba, gindin bekalait ɗin kuwa fashewa yake yi. A tsakiyar shekarun 1960 sai aka fito da 6Kh4, iri na biyu. Gindin ƙotar ya koma ƙarfe mai kusurwa huɗu wanda zai jure duka, kuben kuma ya koma bekalait gaba ɗaya, sai bakin almakashin kaɗai ke ƙarfe. Shi ne mai launin nan ja-ja ko ruwan goro, mai zane-zane a ciki kamar marmara, domin roba ce aka gauraya da zaren gilashi aka matse da zafi. Ba za ka sami biyu masu zane iri ɗaya ba. Hoton mai jan ƙotar da ka aiko, gindin ƙarfe mai kusurwa na gani, saboda haka iri na biyu ne. A tsakanin nan akwai waɗanda suka fito da wuƙar iri na biyu cikin kuben ƙarfe na iri na ɗaya, don masana'anta ba ta zubar da kuben da ya rage mata. Wanda bai sani ba sai ya ce haɗe-haɗe ne, wanda ya sani kuwa nema yake yi. Daga baya, a shekarun 1980, aka yi wa AK-74 nata, 6Kh5, baƙi, ƙotarsa mai gurabun yatsu, tsininsa a tsakiya kamar na mashi.

Abu biyu za su ba ka mamaki in ka riƙe 6Kh4 a hannu. Ruwan gefe ɗaya aka fiƙe, ɗaya gefen a shafe yake kamar kurfi, saboda aikin almakashin. Sannan in aka maƙala shi a bindiga, kaifin sama yake kallo, ba ƙasa ba. Na sha ganin sabon kurtu yana ta kokawa da shi yana juyawa, yana zaton an yi shi a karkace.

Ƙasar da ta yi shi kuma, a tambari ake karantawa. Ka samu ƙaramin gilashin ƙara girma, irin na masu gyaran waya, ka duba jikin ƙota da bayan kube. Kibiya a cikin alwatika, masana'antar Izhevsk ce ta Rasha. Tauraro, Tula ce. Lamba 10 a cikin da'ira biyu, Bulgeriya ce. Lamba 11 a cikin da'ira, Foland ce, kuma na Foland an san shi da rashin haƙoran zarto, bayansa sumul yake. Romaniya ta daɗe tana yin iri na ɗaya mai kuben ƙarfe bayan Rasha ta bar shi. Bayan tambari akwai lambar bindiga, wadda sau da yawa da allurar lantarki aka rubuta ta, rubutun yana rawa kamar na hannu. In lambar wuƙa ta yi daidai da ta kube, to tare suka fito tare suka tsufa, kuma wannan yana ƙara daraja ƙwarai.

Baƙin naka shi ke buƙatar natsuwa, domin baƙi ya kasu. Jamus ta Gabas ta yi nata da baƙar roba, aikinta tsaf, madaurinsa yawanci toka-toka. Yugoslabiya ta yi baƙi don bindigarta M70. Chaina ta yi waɗanda aka kai kasuwar Amurka a shekarun 1980, wasu ba zarto ba huji. Ita kuwa bindigarta ta soja, Type 56, wadda muka gani da yawa a Laberiya, galibi banatinta a jikinta yake, tsinke ne da ake lanƙwasawa ƙarƙashin bututu, ba a cire shi. Sannan akwai na jabu zalla, wanda ba soja ba ne ya taɓa riƙe shi, an yi shi ne don masu ado da masu wasan kwaikwayo. Ga yadda za ka gwada. Ɗora shi a tafin hannu tare da jan, na jabu yakan yi sakayau. Danna maɓallin gindin ƙota, na asali sifirinsa yana da ƙarfi, yana komawa da ƙara ƙas. Zura maɓallin kube cikin hujin ruwa a hankali, ba tare da ka yanka komai ba. Na asali yana zama daram, bakunan biyu suna shafar juna, na jabu kuwa yana girgiɗi ko ya ƙi shiga. Auna zoben da ke shiga bakin bindiga, na AKM kusan milimita 18 ne. In ruwan yana walƙiya kamar cokali, an rubuta masa sunan ƙasa da Turanci da manyan haruffa, ba lamba ba tambari, to ka riƙe shi a matsayin darasin da ka saya.

Yanzu maganar da ba zan ɓoye maka ba, ko da ba za ta yi maka daɗi ba. AK tana hannun sojan Najeriya da 'yan sanda yau ɗin nan. Ta shigo da yawa tun lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, kuma har gobe ana aiki da ita. A ma'ajiya, kowane banati a ƙirge yake, a rubuce yake. In guda ya ɓace, akwai yaron da zai amsa tambaya, a yanke masa albashi ko ya kwana a gadirum. Saboda haka kada ka taɓa sayen banati a hannun mai kaki, komai arharsa, komai daɗin bakinsa. Kada ka yi odarsa daga waje ta intanet, domin shigo da kayan soja sai da takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma kwastan ba za su saurari cewa sha'awa ce ba. Kada ka saka shi a jaka ka hau danfo, kada ka ajiye shi a shago ko ƙarƙashin kujerar babur. Kai Bahaushe ne a Legas, ka san yadda abin yake a shingen bincike in an ga ƙarfe a jikin ɗan Arewa, ba a tsayawa jin tarihin Izhevsk. Wurinsa gida, cikin akwati mai kwaɗo, inda yara ba sa kaiwa.

Wannan ne ya sa in ka bi tawa, ba da AK za ka fara ba. Fara da gidan kakanka. Dangin Ingila sun daɗe da barin aiki, kuma su ne tarihin sojanmu a jere. Samfurin 1907 na tsohuwar Lee-Enfield, wanda asalinsa yana da ƙugiya a gaban ƙota kafin a daina yin ta a 1913. Tsinken lamba 4 iri huɗu. Lamba 5 mai ruwan wuƙa na gajeriyar bindigar daji. Lamba 7 mai gindin da ke juyawa. Lamba 9, wanda aka ɗauki ruwan lamba 5 aka dasa a dunƙulen lamba 4. Sai mai inci 8 na SLR, bindigar da ta gaji Lee-Enfield. Guda goma daga gida ɗaya, a jere a kan tebur, sun fi hamsin da aka tsinto nan da can, domin sai abu biyu sun yi kama sosai kafin ido ya koyi ganin ɗan bambancin da ke tsakaninsu.

Sauran dangi kuwa, ka san su ko don kada a ruɗe ka. Bindigar FN ta Beljiyam da SLR ta Ingila 'yan uwa ne, amma banatinsu ba ya shiga na juna. Na FN da ya fi yawa, wanda ake kira iri na C, ƙotarsa bututu ce da ake zura wa bakin bindiga gaba ɗaya. Na G3 ta Jamus a saman bututu yake zama, ba a ƙasa ba, kuma ƙasashe da dama sun yi nasu, Fakistan, Turkiyya, Fotugal, Norwe. Na Amurka a jere suke da lamba: M7 na M16 daga 1964, zobensa milimita 22, sai M9 daga 1986, wanda ya ɗauki dabarar almakashin nan da Rasha ta riga ta yi shekara 27 kafin nan, sai OKC-3S na sojan kundunbalar ruwa daga 2003. M9 ana yawan yi masa jabu, don yana da kyan gani a hoto. Duk wanda aka tallata maka sabo fil a leda a kasuwa, ka ɗauka ɗan kwaikwayo ne.

Ka sayi littafi mai kauri, kowane banati shafinsa. Tsawon ruwa, tsawonsa duka, faɗin zobe, duk tambarin da ka gani ka zana shi da biro yadda yake, ranar da ka same shi da inda ka same shi. Tef ɗinka na ɗinki zai yi maka tsawo, amma zobe sai ka sami ma'aunin makanikai mai baki biyu. Wannan littafin shi ne shaidarka in wata rana aka tambaye ka, kuma shi zai hana 'ya'yanka su kai wa 'yan kasuwar tsofaffin ƙarafa ta Owode Onirin a auna musu a kilo.

Sai tsatsa, wadda ita ce babbar abokiyar gabarka a garin nan. A Kano ko Zariya sai ka rataye ƙarfe shekara ba abin da ya same shi, amma iskar Legas ruwa ce da gishiri, daga Afrilu zuwa Yuli kuwa ko a cikin akwati sai ta bi shi. Tsatsa iri biyu ce. Mai duhu, wadda ta kwanta ta zama fatar ƙarfen, ka bar ta, ita ce shekarunsa. Mai ja, mai gari, wadda ke shafar yatsa, ita ce mai ci, ita za ka kashe. Jiƙa wurin da man keken ɗinkinka, ka bar shi ya kwana biyu, sannan ka murza da tsumman auduga. In ta ƙi, ka kankare a hankali da tsinken itace ko gefen jan ƙarfe, wanda ya fi ƙarfen taushi, ba zai ƙarce shi ba. Tsohon giris da ya daskare, ɗan kananzir a tsumma yana narkar da shi, amma kada ya taɓa fata ko rigar roba. Kada ka yi amfani da man gyaɗa ko manja, suna daskarewa su yi danƙo su jawo ƙura. Kada ka bar wuƙa cikin kube wata da watanni, musamman kuben fata, domin nan danshi ke kwana. Ajiye su gefe da gefe. Ƙananan ƙullin nan masu tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi da na magani, ka riƙa tara su kana jefawa cikin akwatin, kana sauyawa. Duk lokacin da ka taɓa ruwan da hannu, ka goge kafin ka mayar, domin gumin yatsa yana barin sawunsa cikin mako guda a damina.

Game da na kakanka, akwai aikin da ya fi mai da tsumma gaggawa. In akwai tsohuwa ko baffa da ya rage a gida wanda ya san shi, ka je ka zauna ka tambaya: wace bataliya, wace shekara ya shiga, ina da ina aka kai shi, ko littafinsa na sallama yana nan cikin wata tsohuwar adaka. Rubuta duk abin da aka gaya maka a shafin farko na littafin nan. Sannan ka ɗiga mai a gefen dunƙulen, ka bar shi ya kwana, ka goge, ka karkata shi a hasken rana na safe. Za ka ga No 4 da Mk, wataƙila da 'yar kibiya mai baki uku ta gwamnatin Ingila da haruffan masana'anta. Ɗauki hoton wurin kusa-kusa, da hoton tsinin ta gaba, ka aiko mini in gaya maka wanne ne cikin huɗun.